Haddar da Ta Kusa Mayar da Ni Kano

Ina cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, a titin Faisal na Alƙahira saƙon ya shigo. Sakatariyar cibiyarmu ce: daktora tana son ganina gobe ƙarfe goma, in zo da fasfona. Na karanta sau uku. Fasfo kuma? Na ce shi ke nan, ni na zo na ɗaya, wani abin alheri za a sa sunana a ciki. Har direba ya wuce inda nake sauka ban yi magana ba, tsabar murna.

Bari in ɗan koma baya. Ni ɗan Kano ne, cikin gari. Tallafin karatu ya kawo ni Alƙahira, na yi shekara huɗu a jami'ar da ke unguwar Darrasa ina karanta Shari'a, na fita da mumtaz, wato makin da babu na sama da shi. Da tallafin ya ƙare ban so in koma haka nan ba. Abokaina da suka koma, mai sa'a a cikinsu shi ne mai koyarwa a Islamiyya, sauran zaman jira suke. Sai na ji ƙungiyoyin da ke aikin dashen itace da ruwa a Arewa suna neman mai Larabci da Turanci da takardar ilimin muhalli. Na shiga difloma ta shekara biyu a wata ƙaramar cibiya mai zaman kanta. Iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, a jikin wannan karatun take rataye. Duk shekara cibiya za ta ba ka wasiƙa mai hatimi cewa kai ɗalibinsu ne, ka kai ofishin fasfo su sabunta maka. Ba wasiƙa, ba iƙama. Tawa saura mako uku ta mutu.

A cikin darussan shekarar farko akwai guda na tilas, tarihin tunanin Amurkawa a kan muhalli. Daktorar da ke koyar da shi Bamasariya ce, a can Amurka ta yi karatu, 'yar siririya, kullum da kofin shayin da ya huce a hannunta. Ranar farko ta raba mana wani kundi mai kauri na fotokwafi.

A ciki akwai wani mutum da ya fita daga garinsu ya gina ɗan ɗaki a bakin tafki, ya zauna shi kaɗai wajen shekara biyu, yana noman wake yana kallon ruwa, yana cewa mutane sun jibga wa kansu kayan da ba sa buƙata. Akwai wani mai yawon duwatsu da yake ganin daji kamar wurin ibada, ko reshe ba ya so a karya. Akwai abokin hamayyarsa, jami'in gandun daji, da ya ce a'a, a yi amfani da itace da ruwa amma da hankali. Su biyun nan sun yi ta ja-in-ja a kan wani kwari, ko a tare ruwansa a kai wa birni ko a bar shi yadda yake, ƙarshe dai aka yi dam ɗin. Akwai wanda ya harbe kyarkeci yana saurayi, ya girma yana nadama. Akwai wata mata masaniya da ta tona yadda maganin feshi yake kashe tsuntsaye. Sannan ga dokarsu da ta ware wasu dazuzzuka, inda ɗan Adam zai shiga ya gani ya fita kawai, ba zama.

Wallahi na so darasin nan. Kuma na yi masa abin da nake yi wa duk abin da nake so. Na haddace shi.

Tun ina shekara bakwai haka aka koya min girmama littafi. Ba ka ƙarawa, ba ka ragewa. Malam ya ba ka, ka riƙe, ka mayar masa yadda ya ba ka. A Darrasa ma da haka na ci duk jarrabawata, littafin malami a kaina yake daga bango zuwa bango. To sai na ɗauki kundin daktora na yi masa tsarin da na sani: sabon shafi bayan asuba, tilawar na jiya bayan azahar, Alhamis bitar mako gaba ɗaya. Ina zaune a kan darduma, fuskata na kallon bango, jikina na rangaji da kansa.

Abokin zamana a shaƙƙa, ɗan falon da muke haya a hawa na biyar, Bahaushen Sudan ne. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Tela ne a unguwar Ard al-Liwa. In ya fito da butar alwala ya tarar da ni ina rangaji da Turanci sai ya tsaya.

“Shehi, yau kuma wane waliyyin Amurka ake tilawa?”

“Mai wake ne, Yaya.”

“Allah ya ba mu albarkacin wakensa. Ka ce masa gas ya ƙare.”

Ranar jarrabawa na cika shafi goma sha ɗaya. Tambayar ko tsayawa ban yi na karanta ta da kyau ba, ina ganin sunan batun na san shafin, hannuna ya kama hanya. Na fito ina tausaya wa 'yan ajinmu da na ga suna cizon biro.

Shi ya sa na shiga ofishin daktora da fara'a, har da turare.

“Zauna, ya ibni,” ta ce, wato ɗana.

A kan teburin ga takardata, ga kundinta a buɗe kusa da ita. Duk biyun an shafe su da alƙalami mai ruwan ɗorawa, layi bayan layi, har ba ka ganin fari.

“A ina ka ɓoye wayar?”

“Wace waya, ya daktora?”

“Shafi goma sha ɗaya ka rubuta, kalma da kalma. Dubi nan.”

Ta nuna min wani shafi da injin fotokwafi ya yanke layinsa na ƙarshe, jimlar ta tsaya a tsakiya. A takardata ma daidai nan ta tsaya. Ni ban ƙarasa ta ba don ban ga ƙarshenta ba, kuma wane ni in ƙarasa wa marubuci maganarsa.

“Mutum ba ya yin wannan da ka,” ta ce. “Na riga na tura rahoto ga kwamitin ladabtarwa. Fasfon don a haɗa da fayil ne.”

Kunnuwana suka ɗau zafi. A rayuwata ba a taɓa ce min ɓarawo ba. Ni da ake sa wa in ja sallah tun ban yi gemu ba. Na ce mata ta buɗe duk shafin da ta ga dama, ta karanta min kalma uku. Ta dube ni kamar mai son korata, sai kuma ta buɗe tsakiya ta karanta. Na rufe ido na ɗora. Shafi ɗaya, shafi biyu. Ta tsallaka can ƙarshe, na ɗora. Ta dawo farko, na ɗora. Da na buɗe ido ta ajiye kofin shayin, hannunta a baki.

Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara.

“Na yarda ba ka saci amsa ba. Amma ba ni da makin da zan ba ka. Na tambaye ka me kake gani, ka dawo min da kundina. Kundina ina da shi, ya ibni, ga shi nan.”

“Amma ban yi kuskure ko ɗaya ba.”

“Ba ka yi ba. Ba ka ce komai ba ne.”

Ta ce abu ɗaya za ta iya yi. Nan da kwana tara in tsaya gabanta da shugaban sashe, minti goma, ba takarda a hannu. In zaɓi ɗaya daga cikin mutanen kundin in faɗi inda ya yi kuskure, da hujja daga abin da na gani da idona. In na yi, ta janye rahoton. In ban yi ba, na faɗi darasin tilas, kuma wanda ya faɗi ba ya cikin ɗaliban shekara ta biyu. Kafin nan babu wasiƙa.

“Kuma kar ka je ka haddato min masu sukarsu, duk na san su.” Sai ta ɗan sassauta murya. “Ma'alish, kar ka damu. Ai kai daga Afirka kake, kuna da daji, kuna da namun daji. Abin zai zo maka da sauƙi.”

Ni zaki sau ɗaya na taɓa gani, a gidan zu, ranar yawon sallah, shi ma barci yake. Gona ban taɓa riƙe fartanya a cikinta ba. Dajin da na sani shi ne wanda ake hangowa ta tagar mota in za a je Zariya.

Kwana biyun farko a ɗaki na yi su. In buɗe wurin rubutu a waya, in buga “Ina ganin”, sai yatsana ya tsaya. Ba wai ba ni da Turancin ba. Abin ne ba ya fita. Mu yadda aka rene mu, in ka ga abin da bai zauna maka ba a littafi, fahimtarka ce ta gaza, sai ka koma ka sake karantawa. Kafin ka ce marubuci ya yi kuskure sai ka kai inda ya kai, malamai sun shaide ka. Ni wa ya shaide ni? Mutum ya yi shekaru yana taka duwatsu da ƙafarsa, ni da ko tudun Dala sau biyu na hau, in tashi in ce bai gane ba?

Kwana na uku na ce bari in gwada hanyar mai wake, in je in zauna ni kaɗai in kalli halitta, ko wani abu ya faɗo. Na tafi babban lambun nan da ke kusa da Darrasa. Sai da na yanki tikiti. A ciki ango da amarya uku ana ɗaukarsu hoto, iyalai sun baje tabarmi da tukwane, mai gadi yana busa usur. Na zauna gindin wata bishiya awa biyu. Washegari na tafi bakin Nilu. Jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna ta kiɗa kamar za su fasa kunne, mai sayar da turmus, wani irin dafaffen wake, ya zo sau huɗu. Abin da na rubuta a kwana biyun nan kaf: ruwa yana tafiya.

Na daina cin abinci sosai. In na ɗauki waya sai in ga kaina ina duba jiragen Kano. Ba komawar ce kawai take cina ba, yadda za a faɗe ta ne. A unguwarmu ba wanda zai tsaya jin bayanin kundi da alƙalami mai ruwan ɗorawa. Abin da zai zaga shi ne an koro ɗan gidan Hajiya daga Masar, wai satar amsa. Mahaddaci guda. Umma da take ce wa kowa ɗanta yana ƙarin karatu.

Ranar Juma'a bayan masallaci Yaya ya dafa asida, tuwonsu na Sudan, ya tilasta min na zauna. Ya ga yadda na koma, sai ya fara hira don ya ɗauke min hankali. Ya ce wannan daji na Turawanka da ba a zama a ciki, ai su sun san shi. Kakanninsu a ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Hajji, suka yada zango a gabashin Sudan, zangon ya zama gari. Garin yana gefen wani babban gandun namun daji. Mahaifiyarsa kaba take yankowa tana saƙa tabarma, a nan uwarta ma ta yanka. Wata rana masu gadin gandun suka tare ta, suka ƙwace lauje da jakin, suka ce wurin na dabbobi ne. Wata shekara kuma suka zo suka ƙone bukkokin da ke bakin iyaka.

Gabana ya faɗi, amma na murna. Wannan ai yana cikin kundin! Yadda aka fitar da 'yan asalin ƙasar Amurka daga wuraren da aka mayar gandun shaƙatawa, har da sojoji, sannan aka ce wa duniya wurin dama ba kowa. Ga hujja ta zo har gida. Na zaro waya.

“Yaya, maimaita a hankali. Jakin nan, a wace shekara ce?”

Ya tsaya da loma a hannu.

“Me kake yi?”

“Rubutawa zan yi. Wannan shi ne abin da daktora take so, wallahi shi ne.”

“Ajiye wayar nan, ya zol,” ya ce, yadda 'yan Sudan suke cewa kai malam.

“Ba zan faɗi sunanka ba.”

“Ka haddace na Turawa an kama ka, yanzu uwata za ka haddace? Ta ce maka abin da ka gani da idonka. Ka ga jakin? Ka ji warin bukkar?” Ya mayar da lomar cikin kwano. “Wata huɗu ban ji muryarta ba tun da yaƙi ya kai wajensu. Ban san ko tana da rai ba. Kai kana neman shekarar jaki.”

Ya wanke hannu ya fita. Kwana biyu in na yi masa sallama amsawa kawai yake, ba Shehi, ba tsokana. Ga kunya ga tsoro, ban san wanda ya fi nauyi ba. Kuma gaskiya zan faɗa, har a lokacin wani sashe na zuciyata yana cewa in yi amfani da labarin kawai, ina zai sani.

Saura kwana biyu na yanke shawarar kiran Umma in fara shirya ta. Ba zan ce an kore ni ba, zan ce karatun ne ya ɗan samu matsala, wataƙila in zo gida hutu mai tsawo. Da la'asar na kira. Ta ɗauka tana haki, bayanta ƙarar bokiti da muryoyin mata.

“Babana, kira anjima, kwasar ruwa muke.”

“Wane ruwa, Umma?”

“Wane ruwa kuwa? Tun hantsi ake zuba shi. Ya cika tsakar gida, ya shiga ɗakina, katifa tana kan duro. Ni dai tun da aka cike kududdufin nan ban ƙara ganin damina da kwanciyar hankali ba.”

Kududdufin. Na manta da shi sam. Shekaru ban tuna ba.

A bayan gidanmu akwai kududdufi. Ramin da kakanni suka haƙa suka ɗebi ƙasar da aka gina unguwar. In an yi ruwa, duk lungunanmu can suke juyewa, kana tsaye a ƙofar gida kana ganin ruwa yana gudu kamar an kira shi. Kainuwa ta rufe samansa kore shar. Kwaɗi in suka fara da damina sai ka ɗaga murya a tsakar gida. Balbelu suna sauka da yamma. Da rani masu yin tubali suna ɗiban ruwansa, awakin unguwa suna sha. Kuma yana wari, kar in yi ƙarya. Sauronsa ba ya jin maganin kowa. Kowace safiya kafin makaranta ni ake ba kwandon shara, in je bakinsa in juye in dawo. Kowa haka yake yi.

Ina aji uku na sakandare aka ce wani ya saye shi. Tifa ta yi ta zuwa da shara da jan ƙasa har ya cika. Mun yi murna, ni har ƙwallo na buga a kansa kafin a sa harsashi. Yanzu shaguna ne da gidaje a wurin.

“Umma, kafin a cike shi ruwa yana shiga gidanmu?”

“Ko sau ɗaya. Ina zai shiga, yana da wurin zuwa.”

“Wa yake kula da shi a da?”

“Kula? Wa zai kula da kududdufi?”

“Kwaɗin nan fa, ina suka tafi?”

“Kai Babana, lafiyarka kuwa? Ina tsaye cikin ruwa har ƙwauri kana tambayata kwaɗi? Me ka kira ka gaya min ne?”

“Ba komai, Umma. Gaisuwa ce.”

“To ka gaisu. Sai anjima.”

Ina ajiye wayar na sake ɗauka na fara bugawa. Karo na farko yatsana bai tsaya ba. Ba kyau rubutun ya yi ba, amma ya fito, wajen shafi biyu. Washegari bayan asuba na zauna a kan darduma, na juya wa ɗaki baya, na fara rangaji. Yaya ya fito da buta. Na ji ya tsaya.

“Wannan kuma na waye?”

“Nawa ne, Yaya.”

“Naka ma sai ka haddace?”

“In ban haddace ba zan tsaya a gabansu kamar gunki.”

“Gidanku ne fa. Ka taɓa haddace hanyar gidanku? Goge shi.”

“Yaya, gobe ne.”

“Goge, Shehi. In ka shiga da rangajin nan matar za ta gane tun daga ƙofa.”

Shehin da ya ce shi ya sa na yi. Na danna, na goge. Nan take na yi nadama. Yinin ranar ji nake kamar wanda zai yi tafiya an ƙwace masa jaka.

Ofishin shugaban sashe zafi kamar gidan burodi, fanka tana juyawa a banza. Shi dattijo ne mai ƙaton tabarau, yana ta duba agogo. Daktora ta ce yalla, in fara, minti goma.

Na buɗe baki, tsoro ya ja ni ya mayar kan hanyar da na saba. Na ji Turanci mai kyau yana zubowa, santsi, ba gargada. Daktora ta ƙwanƙwasa biro a tebur.

“Wannan shafi na arba'in ne.”

Na tsaya. Ba abin da ya rage a kaina. Ina jin fanka, ina jin hon ɗin motoci a ƙasa. Na ga kaina a filin jirgin Kano da akwati biyu, na ga Umma tana ƙoƙarin yin murmushi. Dattijon ya sake duba agogo.

Sai na ce, a bayan gidanmu akwai wani rami.

Turancin da ya biyo baya ko a kasuwa ba zan so a ji ni da shi ba. Inda ya ƙare in sa Larabci, inda Larabcin ya ƙi in yi da hannu. Kainuwa ban san sunanta da kowane yare ba, na ce ganye mai yawo a kan ruwa. Na faɗi tubali da awaki da wari. Na faɗi kwandon shara, na ce ni ne mai juyewa. Na faɗi tifa. Na ce shekaranjiya na kira mahaifiyata tana tsaye cikin ruwa a ɗakinta, katifarta a kan duro.

“Tamam, na ji,” in ji daktora. “To wa ya yi kuskure?”

“Wataƙila fahimtata ce ta gaza, ya daktora, amma…”

“Ba wannan na tambaye ka ba.”

Na dubi ƙasa, kamar mutumin da zan ambata yana zaune a ɗakin.

“Mai yawon duwatsun. Da waɗanda suka bi shi suka yi dokar.”

“Me suka yi?”

“Sun yi kuskure.”

Wallahi sai da na ji kamar na ɗaga wa babana murya. Amma da ta fita sauran ya biyo. Na ce sun koya wa mutane cewa wurin da ya cancanci a tsare shi ne mai kyau, mai nisa, wanda ba kowa a ciki. To wurin da mutane suke kwana fa? Ramin bayan gidanmu ba mai ɗaukarsa hoto, amma shi yake shanye ruwan unguwa guda. Da yake muna zaune a bakinsa, kuma yana wari, ba wanda ya taɓa tunanin abin tsarewa ne. Ni ma da na haddace kundin nan kaf, ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba.

Dattijon ya cire tabarau.

“Wato so kake a bar ramin sauro a tsakiyar mutane? Zazzaɓin fa?”

Na nemi shafin da amsar take, babu.

“Ban sani ba, ya dakta. Da dai an share shi maimakon a cike. Da an hana mu zuba shara. Amma ko za mu ji, ban sani ba. Ni kaina da aka cike shi tafi na yi.”

A rayuwata ban taɓa cewa ban sani ba a jarrabawa. Sau biyu na faɗa a numfashi ɗaya.

Daktora ta ce ban yi wa mai duwatsun adalci ba. Shi bai taɓa jin labarin unguwarmu ba, kuma ba don irinsa ba da wuraren nan an sayar da su kamar yadda aka sayar da raminmu. Ta ce hujjata tana ɗingishi. Sannan ta jawo kundin ta buɗe can ƙarshe, inda baƙaƙen fata talakawa suka kwanta a kan titi don su tare motocin da ke kawo sharar guba unguwarsu.

“Ka karanta min wannan da ka ranar nan, ba ka ci ko harafi ba. Ba ka ga maƙwabtanku ba ne?”

Ban gani ba. Na ce mata ban gani ba.

Suka ce in jira a waje. Na tsaya a baranda ina kallon ƙofar, rigata ta jiƙe har baya. Da ta buɗe, daktora ce da kofinta.

“Maƙbul. Khalas, shi ke nan, je ka wurin sakatariya jibi.”

Maƙbul shi ne makin ƙarshe kafin faɗuwa. Ban taɓa samun irinsa ba, a da in na ga wani da shi har kunya nake ji masa. Na sauka matakala na zauna a ta ƙarshe.

Wasiƙar ta fito da hatiminta. Na kai ofishin fasfo iƙamata saura kwana tara. Yaya na tura wa hoton farko, ya amso da saƙon murya, keken ɗinki na ƙara a bayansa: “Mabruk, ya Shehin kwaɗi. Taho da burodi.” Har yau bai ji daga mahaifiyarsa ba, kuma ban ƙara tambayarsa jakin ba.

Umma ba ta san an yi wannan duka ba. Ina cikin layi a ofishin fasfo saƙonta ya shigo. Ta ce an samu mai gini ya ɗaga dokin ƙofar ɗakinta da bulo biyu, amma bangon baya ya tsage, kuma ga hadari can ya sake haɗowa ta gabas, in sa su a addu'a. Na saurara sau biyu. Aka kira lambata, na miƙa fasfo da wasiƙa ta taga.